HOTO A BAKIN KOGON GUMAKA: INA IYAKAR MUSULMI MAI YAWON BUƊE IDO?

 

A kwanakin baya wani hoto ya tayar da ƙura a zangonmu, kuma da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun gan shi da idonsu. Wani ɗan'uwanmu da ke karatu a ƙasar Maleshiya ne ya aiko wa ƙannensa. Yana tsaye a gindin wata doguwar matakala mai launi-launi, a bayansa ga wani ƙaton gunki mai ruwan zinariya ya tokare sama, shi kuma ya haɗa tafin hannayensa biyu a ƙirji yana dariya. Kafin kwana biyu hoton ya zaga wayoyin unguwa, ya zama abin muhawara a wuraren shan ataya. Wasu suka ce yaron ya yi ridda, a daina gaishe shi. Wasu suka ce haba, hoto ne kawai, Turawa da Larabawa duk suna zuwa wurin su ɗauka. Mahaifiyarsa kuwa, tana tsakiyar sayar da koko da ƙosai wata mai saye ta yi mata jaje, wai ta ji ɗanta ya shiga addinin Indiyawa. Ranar ba ta ƙarasa cinikinta ba.

Mun ga ya wajaba mu tsaya a kan wannan al'amari da natsuwa, domin ba a kan wannan ɗan'uwa kaɗai zai ƙare ba. Samarinmu yanzu suna fita karatu da fatauci zuwa Maleshiya da Indiya da Sin, kowa da kyamara a aljihunsa, kuma tambayar za ta dawo gobe da wata fuska.

WANE WURI NE WANNAN?

Bai kamata mu yanke hukunci a kan abin da ba mu sani ba, saboda haka bari mu fara da sanin wurin. Sunansa Kogunan Batu, suna cikin wani tsauni na dutsen farar ƙasa, kimanin kilomita 13 arewa da Kuwala Lumfur, a gundumar Gombak. A wannan gunduma ce kuma babbar harabar Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta Maleshiya take, wadda aka kafa a 1983, saboda haka ɗalibin da ke can bai yi wata doguwar tafiya ba kafin ya isa kogon. Jirgin ƙasa ma yana tsayawa a bakin wurin.

Tun da can mutanen asali na yankin suna fakewa a kogunan. Daga baya 'yan Sin suka riƙa haƙar kashin jemage a ciki suna yin taki da shi. A zamanin mulkin Ingila an kwaso dubban Tamilawa daga kudancin Indiya domin aikin gonakin roba da hanyar jirgi, kuma wani attajiri daga cikin Tamilawan ƙasar, K. Thamboosamy Pillai, shi ne ya kafa gunkin abin bautarsu da suke kira Murugan a cikin babban kogon wajen shekarar 1890. Daga 1892 aka fara yin bikinsu na Taifusam a wurin, wanda yake faɗowa a watan Janairu ko Fabrairu. A ranar bikin dubun dubatar mutane suna taruwa, wasu ɗauke da tulunan madara a ka, wasu sun huda kumatu ko harshe da tsinken ƙarfe domin cika alwashin da suka ɗauka. Matakalar tana da hawa 272. Gunkin da ke bayan ɗan'uwanmu tsawonsa mita 42.7 ne, an buɗe shi a Janairun 2006, kuma a 2018 aka shafe matakalar da fenti kala-kala, abin da ya ƙara jawo masu ɗaukar hoto daga ko'ina a duniya.

Abin lura a nan shi ne, wurin ba kufai ba ne. Ana bauta a cikinsa kowace rana, akwai masu kula da gumakan, ana kunna fitilu da turaren wuta, ana fasa kwakwa. Kuma yana cikin ƙasar da Musulmi suka fi yawa, wadda tsarin mulkinta ya ce Musulunci ne addinin tarayya amma sauran addinai suna da damar yin nasu cikin lumana. Ƙasar ta sami 'yancin kai a 1957, shekara ɗaya da Gana.

SHIN ZUWAN KANSA LAIFI NE?

Masu cewa babu komai sun kafa hujja da cewa Allah (S.W.T.) Ya umurce mu da tafiya a bayan ƙasa mu duba, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana aya ta 137 da Suratul Ankabut aya ta 20. Gaskiya ne, kuma Bahaushe ma ya ce tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai idan muka karanta ayoyin har ƙarshensu za mu ga an faɗi abin da za a duba: a ta farko ƙarshen masu ƙaryatawa, a ta biyu yadda Allah Ya fari halitta. Ke nan tafiyar da aka yaba ita ce wadda mutum zai dawo da wa'azi a zuciyarsa.

Manzon Allah (S.A.W.) ya nuna mana haka a aikace. A kan hanyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, rundunar Musulmi ta bi ta Hijir, garin Samudawa masu sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halakar sai dai idan suna masu kuka, don tsoron kada abin da ya same su ya same su, sa'annan ya rufe kansa ya sa taguwarsa sauri har ya wuce kwarin. Ba a hana ido gani ba a wannan hadisi, amma an faɗa wa zuciya halin da za ta kasance a ciki lokacin da ido yake gani.

A ɗaya ɓangaren kuma, masu cewa duk wanda ya taka wurin bautar wani addini ya kafirta, su ma akwai abin da ya kamata su sani. Iyayen muminai Ummu Salama da Ummu Habiba (R.A.) sun ba Annabi (S.A.W.) labarin wani coci da suka gani a Habasha, suka siffanta masa hotunan da ke cikinsa. Ya bayyana musu ɓatan masu gina wurin ibada a kan kabarin mutumin kirki suna zana surarsa, amma ba a ruwaito ya zarge su don sun gani ba. An ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa ya ƙi shiga cocin Kiristocin Sham saboda surorin da ke ciki, an kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) yakan yi salla a coci idan babu surori. Daga irin waɗannan ruwayoyi ne malaman fiƙihu suka yi saɓani. Akwai waɗanda suka karhanta shiga, akwai waɗanda suka haramta idan da gumaka ko surori a ciki, akwai kuma waɗanda suka halatta. Mu da muka tashi a kan Risala mun karanta cewa wuraren bautar waɗanda ba Musulmi ba suna cikin wuraren da aka hana salla a cikinsu. Abin da ba mu samu ba a wurin ko ɗaya daga cikin malaman nan shi ne cewa shiga kawai, ba tare da yarda da abin da ake yi ko yin tarayya a cikinsa ba, yana fitar da mutum daga Musulunci.

Dole kuma mu faɗi gaskiya: yawancin maganar malaman a kan coci da wurin bautar Yahudu take, alhali kuwa abin da ke gabanmu gumaka ne da ake yi wa sujada a fili. Idan malami ya ƙyamaci shiga coci don hoton bango, to ƙyamarsa ga ɗakin gunki za ta fi ƙarfi. Haka kuma ranar biki daban take da sauran ranaku. Wasu malaman tafsiri sun fassara aya ta 72 a Suratul Furƙan, inda aka yabi bayin Allah da cewa ba sa halartar ƙarya, da bukukuwan mushirikai. Akwai kuma hadisin Abu Dawuda game da mutumin da ya yi bakancen soke raƙumi a wani wuri mai suna Buwana, Annabi (S.A.W.) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko an taɓa bauta wa gunki a wurin, ko ana yin wani idi na jahiliyya. Saboda haka abin da muka fahimta shi ne, wanda ya bar zuwa don tsare addininsa ya kama abin da ya fi aminci, kuma babu mai ce masa bagidaje. Wanda ya je da manufar sani, a ranar da ba ta biki ba, ya tsare iyakokinsa, to yana da magabata a cikin malamai, kuma babu mai ce masa kafiri.

KOGON NA WANE NE?

Wani daga cikinmu ya kawo wata magana mai kyau a wurin muhawarar. Ya ce shi kansa kogon ai na Allah ne. Masana duwatsu sun ƙiyasta shekarun dutsen da kimanin miliyan 400, ruwan sama ne ya yi ta cin cikinsa a hankali har ya zama zaure wanda rufinsa ya kusa mita 100, da wata kafa a sama inda hasken rana yake saukowa. Jemagu da tsuntsaye da birai suna rayuwa a wurin tun kafin a sassaƙa gunki na farko. Kuma mu Musulmi ba baƙin kogo ba ne: a kogon Hira wahayi ya fara sauka, a kogon Saur Annabi (S.A.W.) da Sayyidina Abubakar (R.A.) suka ɓuya a lokacin hijira, kuma kowace Juma'a muna karanta labarin samarin da suka gudu da imaninsu zuwa kogo don kada a tilasta musu bautar gumaka.

Mun yarda da wannan magana, kuma Musulmin da ya tsaya a ƙarƙashin wannan rufi ya yi tasbihi a zuciyarsa, ya gode wa Allah da Ya shiryar da shi ba don wayonsa ba, to ya ci ribar hawan matakala. Amma kada mu yaudari kanmu. Mu tambayi zukatanmu: a cikin goma da suka je, nawa ne suka ɗaga kai suka dubi rufin kogon, nawa ne kuma suka tsaya a gindin gunkin suna neman inda hoto zai fi kyau? Ayyuka suna tare da niyya, kuma kowa ya san abin da ya kai shi.

MAGANAR HOTO

Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara tun farkon shigowarsa. Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya riƙe muƙamin Muftin Masar, ya rubuta risala yana halatta shi, yana ganin kama inuwar abin da Allah Ya halitta ne kamar madubi. Shaihu Abdul'aziz bin Baz yana ganin haramcin hoton mai rai sai da lalura, kamar na fasfo. A mazhabarmu ta Malikiyya haramcin ya fi tsananta a kan sura mai jiki wadda take da inuwa. Ba za mu warware wannan saɓani a nan ba. Amma ko malaman da suka halatta sun sa sharaɗin a duba abin da ke cikin hoton da abin da za a yi da shi, kuma a nan ne matsalar ɗan'uwanmu take.

Hoto yana tafiya ba tare da mai shi ba. Ɗan'uwanmu ya san a ransa wasa yake yi, ya ga Turawa suna haɗa hannu shi ma ya haɗa. To amma niyyarsa ta zauna a Maleshiya, hoton ne kaɗai ya iso Nima, kuma abin da hoton yake nunawa shi ne Musulmi a gaban gunki cikin siffar da masu gunkin suke yi idan suna girmama shi. Gaskiya ne mutanen can suna haɗa hannu haka ko wajen gaisuwa, amma gaisuwa ga mutum ake yi, kuma a hoton nan babu kowa sai shi da gunki. Mahaifiyarsa ba ta yi kuskuren karatu ba, abin da aka rubuta ta karanta. Ƙaninsa mai shekara tara da ke zuwa makarantar allo kuwa, ya koyi cewa yaya, wanda ya fi kowa karatu a gidan, bai ga komai a wannan ba.

Mu tuna yadda shirka ta fara a duniya. Bukhari ya ruwaito daga ɗan Abbas (R.A.) cewa gumakan nan biyar da aka ambata a Suratu Nuhu aya ta 23 sunayen mutanen kirki ne. Da suka mutu aka kafa surorinsu don tunawa, ba a bauta musu ba a zamanin farko, sai da waɗanda suka san dalili suka ƙare, ilimi ya gushe. Ba muna cewa hoton waya zai koma abin bauta ba. Darasin shi ne sura takan daɗe fiye da bayanin da ya zo da ita. Mu kuma tuna abin da ya faru a kan hanyar Hunaini, lokacin da wasu sababbin shiga Musulunci suka ga wata magarya da mushirikai suke rataya makamansu don neman albarka, suka roƙi a sanya musu irinta. Annabi (S.A.W.) ya yi kabbara, ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila da suka nemi Annabi Musa (A.S.) ya sanya musu abin bauta. Bai kore su daga Musulunci ba, ya karantar da su ne, amma bai ɗauki maganar ƙarama ba.

Saboda haka akwai abubuwan da babu saɓani a kansu, kuma duk mai zuwa irin wannan wuri zai haɗu da su. Mai kula da gunki zai iya miƙo maka toka ya shafa maka a goshi, ko ya ɗaura maka zare a wuyan hannu don kariya, ko ya miƙo maka fitila ka shafa haskenta, ko ya ba ka abincin da aka gabatar wa gunki, kai kuma ka jefa kuɗi a faranti. Shi yana yi ne da kyakkyawar niyya a wurinsa, kuma 'yan yawon buɗe ido da yawa suna karɓa don hoto ya yi armashi. Waɗannan ayyukan ibada ne a wurin masu su, Musulmi ba ya karɓarsu ko da wasa. Goshin da ke taɓa ƙasa sau talatin da huɗu a sallolin farilla na yini ɗaya ya riga ya sami mai shi. Murmushi da girgiza kai da kalmar godiya sun isa, kuma ba mu ji an taɓa kama wani don ya ƙi ba.

HAƘƘIN MASU WURIN

Akwai wani ɓangare da muhawarar zangonmu ta manta da shi gaba ɗaya. Da aka matsa wa ɗan'uwan nan, sai wani abokinsa ya kare shi da cewa ai ba'a yake yi wa gunkin. Ya ɗauka ya wanke shi, alhali kuwa daga wani laifi ya mayar da shi zuwa wani. Allah Ya hana mu zagin abin da wasu suke kira koma bayanSa, a Suratul An'am aya ta 108, Ya kuma faɗi dalili: kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Wanda ya shiga gidan mutane ya kwaikwayi ibadarsu don a yi dariya, ya yaɗa a duniya, to ya buɗe ƙofar da za a yi wa sallarmu haka, kuma shi ya jawo.

Mu a Gana mun san zafin kyamarar baƙo. Mun ga masu yawon buɗe ido suna zuwa masallacin Larabanga a kan hanyarsu ta zuwa dajin Mole, kuma mun ji daɗi da mutanen garin suka tsaya a kan cewa wanda ba Musulmi ba daga waje zai tsaya ya kalla. Mun ga baƙi suna ratsa lungunan Nima da Sabon Zango suna ɗaukar yaranmu da kwatocinmu ba sallama ba izini, mun ji haushi. Mun ga mai kyamara yana gittawa gaban sahu ranar Idi, yana kai ta kusa da fuskar dattijo mai addu'a kamar ya ga wata dabbar dawa. To tsohuwar Batamila da ke hawan matakala 272 ba takalmi da tulun madara a kanta, wataƙila don alwashin da ta ɗauka lokacin da ɗanta yake kwance a asibiti, ita ma mutum ce. Mun yi imani ta kai kukanta inda ba a ji, kuma wannan abin tausayi ne da addu'ar shiriya. Idan muka mayar da ita abin kallo muka ɗauki fuskarta ba ta sani ba, mun yi mata abin da muke ƙi a yi wa iyayenmu. Annabi (S.A.W.) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka yi masa magana ya tunatar da su cewa rai ne.

Wani zai ce, su da suka rushe mana masallaci? Ba mu manta ba. A ranar 6 ga Disamba 1992 masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe masallacin Babri a garin Ayodhya na Indiya, aka kashe mutane da yawa a rikicin da ya biyo baya, kuma a Janairun 2024 aka buɗe wurin bautarsu a filin. Abin yana yi mana ciwo har yau. Amma jikan ma'aikacin gonar roba a Maleshiya bai ɗauki gatari a Ayodhya ba, kuma Allah Ya gargaɗe mu a Suratul Ma'ida aya ta 8 kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Idan mun shiga wurinsu, mu bi ƙa'idar da suka gindaya wadda ba ta saɓa wa addininmu ba: suna neman a rufe jiki, suna neman a cire takalmi a dandalin da gumakan suke, wani wurin suna hana hoto. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da cire takalmi ba, ya tsaya daga inda ba a buƙatar cirewa. Idan kuwa ƙa'idar shiga ita kanta saɓon Allah ce, to an yanke mana wahala. Misali yana nan gida: a kogon tsafi na Tengzug da ke duwatsun Tongo a arewacin ƙasar nan, ana neman mai shiga ya tuɓe rigarsa, namiji ko mace. 'Yan makarantarmu da ake kaiwa yawon ilimi su sani, a gindin dutse Musulmi yake tsayawa.

GA MASU SAURIN KAFIRTAWA

Yanzu kuma mu juyo kan kanmu, mu da muka zauna a benci muna yanke hukunci. Wane ne a cikinmu ya kira ɗan'uwan nan ya tambaye shi kafin ya tura hoton gaba? Allah Ya umurce mu da bincike a Suratul Hujurat aya ta 6, Ya hana mu yawan zato da cin naman juna a aya ta 12. Annabi (S.A.W.) ya gargaɗe mu cewa wanda ya jefi ɗan'uwansa da kafirci, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Hukunta wani mutum da ridda aikin malamai ne masu ilimi, bayan sun zauna da shi sun ji abin da ya sani da abin da ya nufa. Wanda ya yaɗa hoton ga mutum hamsin yana cewa ku zo ku ga abin kunya, shi ma ya taya hoton gunki yawo, kuma hawayen tsohuwar nan akwai rabonsa a ciki.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Iyayenmu da yayyenmu sun cika gidajen silima na Ankara da Kumasi suna kallon finafinan Indiya, mu kuma muka gāje su a talabijin. Sau nawa muka kalli jaruma tana kuka a gaban gunki ana kaɗa ƙararrawa, muna taya ta jimami, har muna haddace waƙar ba mu san me take cewa ba? Ba mu ji wanda ya kira taro a kan wannan ba. Kuma ba sai an je Maleshiya za a ga mabiya Hindu ba, domin tun 1975 akwai gidan ibadarsu a Odoko cikin Ankara, kuma 'yan ƙasa ne irinmu suka fi yawa a ciki. Maƙwabtanmu ne, muna shiga mota ɗaya da su, amma kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗin abin da suka yi imani da shi, balle su yi musu bayanin tauhidi da hujja.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya karanta littattafansu, ya rubuta babban littafi a kan Indiya wajen shekarar 1030. Ya kawo aƙidunsu kamar yadda suke faɗa da bakinsu, ya bambanta fahimtar masanansu da ta gama-garinsu, har ya ambaci yadda hare-haren Sarki Mahmud na Gazna suka dasa musu ƙin Musulmi. Bai rasa imaninsa ba, kuma kusan shekara dubu ke nan ana amfana da aikinsa. Ya dawo da littafi ne domin ya tafi da tambaya, kuma ya san nasa addinin kafin ya tafi. Wanda bai gama Ahalari ba, bai iya bayanin kalmar shahada ba, ya fara da wannan tukuna kafin ya ce zai je nazarin addinin wasu.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwar da tafiya ta kai irin wannan wuri, ka tambayi kanka abin da za ka je yi tun kafin ka sayi tikiti, idan amsar ita ce don a ga ka je, to ka huta. Ka kauce wa ranar biki da lokacin da ake tsakiyar bauta. Kada ka rusuna, kada ka haɗa hannu, kada ka karɓi toka ko zare ko abincin gunki, kada ka jefa kuɗi a asusunsa. Kada ka yi salla a ciki, kuma kada kallo ya sa ka fitar da salla daga lokacinta, masallatai suna da yawa a ƙasar. Idan za ka ɗauki hoto, ga dutse ga haske ga birai, sai dai ka riƙe jakarka da kyau don birai na wurin ɓarayi ne. Kada ka ɗauki mutum sai da izininsa, kada ka mayar da gunki adon bayanka. Kafin ka aika kowane hoto gida, ka ɗauka mahaifiyarka da ƙaramin ƙaninka ne za su fara gani ba ka kusa balle ka yi bayani.

Shi kuwa ɗan'uwanmu, biyu daga cikinmu sun kira shi sun yi magana da shi a asirce. Ya ce wallahi bai kawo komai a ransa ba, ya yi istigfari, ya kira mahaifiyarsa ya ba ta haƙuri, ya kuma roƙi duk mai hoton ya goge. Wannan shi ne nasa. Saura namu: duk wanda ya san ya kira shi da sunan da bai dace ba, ya san ƙofar gidansu, kuma tsohuwar tana nan a bakin titi kowace safiya.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, kuma muna roƙon malamanmu su gyara mana. Allah Ya tsare mana imaninmu a gida da kan hanya, Ya shiryi waɗanda ba su gane ba, Ya sa mu cika da kalmar shahada, amin.